Daga Kunnen Mahaifina Zuwa Kunnen Ɗan Ƙanena

Ranar wata Asabar bayan la'asar, ɗan ƙanena ya same ni a rumfata a kasuwar waya ta Farm Centre. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro iyafis guda uku daga aljihu ya zube a kan tebur. Ɗaya kunnen hagunsa ya mutu, ɗaya makirfonsa ba ya ɗauka, na ukun kuwa na bulutut ne mai ɗan akwati, lafiyarsa ƙalau, amma ya ce ya fita ransa. "Baffa, kafin in ji takun mutum ya riga ya harbe ni." PUBG suke bugawa shi da abokansa uku, ɗaya a Kurna, ɗaya a Zariya, ɗaya a Maraɗi, kuma a cewarsa duk sun gaji da shi: ba ya jin abokin gaba, su ma ba sa jin abin da yake faɗa. Ya zo in zaɓa masa na kirki.

Na ce ya ja benci ya zauna. Na haura shekara talatin da biyar ina buɗe cikin kayan sauti, tun ina yaron shago wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, na ratsa zamanin kaset, na dawo kan waya bayan shigowar GSM a 2001. Mutane suna ɗaukar iyafis kayan shaƙatawa ne, shi ya sa suke zaɓen sa da ido, su bi kwali mai ƙyalli da wuta mai walƙiya. Ni kuwa da na bi asalinsa, ban tarar da masu shaƙatawa a tushen ba. Ma'aikata na tarar, mutanen da abincinsu, wani lokaci ma ransu, ya rataya a kan su ji da kyau kuma a ji su da kyau. Yaron da ke buga gem da abokansa, ko ya sani ko bai sani ba, layin waɗannan mutane ya shiga.

Iyafis na farko da na taɓa gani na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Kunne ɗaya ne tak, launin madara, da siririyar igiya murɗaɗɗiya, ya zo tare da ƙaramar rediyonsa 'yar Japan mai rigar fata. Da rana ba ya taɓa shi, don rediyo ta jama'a ce, a zaure ake kunna ta kowa ya saurara. Sai dare ya raba yake ciro shi daga cikin gwangwanin da yake ajiye allura da maɓallai. Daren Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala, ina ɗan shekara takwas, na farka na gan shi zaune a bakin gado, an rage fitilar ƙwai. Yatsa ɗaya ya danne abin a kunne, ɗaya hannun yana murza rediyo a hankali yana neman tashoshin waje. Bai ce uffan ba. Mahaifiyata tana zaune a tabarma tana kallon sa, a fuskarsa take karanta labarin. Tun daga ranar na san cewa ɗan abin nan ba wasa ba ne.

Kakan iyafis kuwa a ofishin haɗa layin tarho aka haife shi. A Janairun 1878 aka buɗe ofishin farko na kasuwanci a garin New Haven na Amurka, da masu layi 21. A lokacin ba ka buga lamba. Ofishin kake kira, wani ya amsa, ka faɗa masa wanda kake nema, ya ɗauki igiya ya cusa a ramin layinsa. Da fari samari aka ɗauka, aka ga ba su da haƙuri da mutane, sai a Satumbar wannan shekara wani kamfani a Boston ya ɗauki Emma Nutt, mace ta farko a wannan aiki, kuma ba a jima ba mata suka mamaye shi. Mai haɗa layi tana buƙatar hannayenta biyu, don haka dole a rataya mata abin ji a kunne, a ɗora mata abin magana a ƙirji, bakinsa kamar ƙaho yana fuskantar bakinta. Na farkon nauyi gare su, a kafaɗa suke zama, mace ta yini da su. Ga abin ji, ga makirfo, ga hannu a sake: duk abin da ɗan ƙanena yake nema, waɗannan mata ne suka fara ɗaukar sa. Hatta fulogin da suke cusawa bai mutu ba. Shi ne mai kaurin kwatan inci, milimita 6.35, wanda har gobe ladan yake cusawa a amfilifayar masallaci. Na wayarka mai milimita 3.5 ƙanensa ne, an rage shi ne a shekarun 1950 saboda ƙananan rediyo irin ta mahaifina.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tunanin a cusa abin cikin kunne Bafaranshe ne, injiniya Ernest Mercadier. A 1891 ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka: ƙananan kawuna biyu marasa nauyi, ƙarfe mai lanƙwasa yana riƙe da su, kowanne da hular roba don kada ya goge kunne kuma ya toshe hayaniyar waje. Na daɗe ina kallon zanen a waya ranar da na fara cin karo da shi. Robar nan da samari ke yarwa tare da kwali, mutumin ya gane amfaninta shekara fiye da 130 da suka wuce.

Labarin da na fi so shi ne na Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah, don shi irinmu ne, mai aikin hannu a kan tebur. A kicin ɗin gidansa yake haɗa nasa. A 1910 ya aika wa rundunar sojan ruwan Amurka samfuri, da wasiƙa da tawada shuɗiya mai ja-ja a kan takarda mai launi, har aka so a yi watsi da ita. Da suka gwada sai suka tarar ya fi duk abin da masu sauraron saƙon rediyonsu ke amfani da shi jin ƙaramin sauti, suka nemi guda ɗari, ba su san mutum ɗaya ne a kicin ba. Ka tuna aikin mai sauraron saƙo a jirgin ruwa: yana zaune cikin ƙugin inji, yana kamo ɗigo da ja na saƙon Morse daga nesa, cikin shuuu na iska. Ba daɗin sauti yake nema ba, rarrabewa yake nema. Baldwin ya yi arziki, ya buɗe masana'anta, daga baya ya karye a 1924. Amma dabarar da ke cikin nasa, ɗan harshen ƙarfe da ke rawa a daidaice tsakanin maganaɗisu yana tura faifai ta siririn tsinke, ta rayu. Masu ƙera na'urar taimaka wa masu raunin ji suka ƙanƙantar da ita har ta koma kamar ƙwayar shinkafa, musamman kamfanin Hugh Knowles a shekarun 1950. Za mu sake haɗuwa da ita.

Makirfon ma ta hanyar aiki ya zo. A farkon shekarun 1960 matuƙan jiragen sama suna fama da manyan hedfon masu nauyi, har wasu suka koma riƙe makirfo a hannu. Kamfanin United Airlines ya nemi mara nauyi, sai wani matuƙinsa, Courtney Graham, da abokinsa Keith Larkin suka haɗa wani da ƙananan kayan na'urar ji, suka kafa Plantronics a 1961 a Santa Cruz ta Kalifoniya. NASA ta karɓa, kuma maganar da Neil Armstrong ya yi daga duniyar wata a 1969 ta cikin kayansu ta biyo. A 1962 kuma, a ɗakin binciken Bell, Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro makirfon da ake kira electret. West baƙar fata ne ɗan jihar Virginia, ya tashi a zamanin da ake ware irinsa a makaranta da wurin aiki. Dabararsu ita ce siririn leda mai riƙe cajin lantarki na dindindin, don haka makirfon ba ya buƙatar babbar wuta, ga araha, ga ƙanƙanta. In ka fasa ɗan kumburin da ke kan igiyar iyafis, wajen maɓallin amsa kira, a mafi yawansu za ka ga ɗan gwangwani kamar ƙwayar wake. Shi ne. Na fasa ɗaruruwa, kuma duk sanda na ga yaro yana ihu a cikinsa nakan so ya san sunan wanda ya yi shi.

Kiɗa daga baya ya shigo. John Koss ya fitar da hedfon na sitiriyo a 1958, Sony ta fitar da Walkman ranar 1 ga Yuli 1979, Apple ta zo da iPod da fararen igiyoyinsa a 2001. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Abin da kawai zan tsaya a kai shi ne Walkman na farko yana da ramin iyafis biyu da wani maɓalli ruwan lemo: in ka danna, kiɗa ya lafa, makirfo ya buɗe, ka yi wa abokinka magana a kunne. Masu ƙirar suna tsoron abin zai raba mutane. Daga baya suka cire maɓallin, amma ga shi ya dawo a cikin gem.

Irin wanda ake cusawa can ciki ya toshe kunne ruf, wanda 'yan gem suka fi nema yanzu, makaɗa ne suka jawo shi. A 1995 Alex Van Halen, mai ganga a ƙungiyar Van Halen, ya koka wa mai kula da sautinsu, Jerry Harvey, cewa ƙarar lasifikun dandamali tana cinye masa kunne, ba ya jin 'yan uwansa. Harvey ya nemo ƙananan na'urorin nan irin na masu raunin ji, jikokin dabarar Baldwin, ya sa biyu a cikin ƙoƙon da aka zuba daidai da ramin kunnen mutumin, ɗaya na sauti mai kauri, ɗaya na siriri. Wasu makaɗan suka gani suka ce su ma, aka kafa kamfanin Ultimate Ears, wanda Logitech ta saya a 2008 kan dala miliyan 34. Abin lura, kariya aka nema: a toshe hayaniyar waje don a iya rage ƙara a ciki. Yau in ka kalli babbar gasar gem a dandamali za ka ga 'yan wasa da babban hedfon a ka, amma duba da kyau, akwai siririyar igiya tana fitowa daga ƙarƙashinsa. Sautin wasan ta ƙaramin na ciki yake zuwa. Babban na sama don ya danne ihun 'yan kallo da muryar masu sharhi ne.

Magana a cikin gem kuwa ta fara ne da 'yan kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990, da manhajoji irin su Roger Wilco, sannan TeamSpeak. A Nuwambar 2002 Microsoft ta buɗe Xbox Live, ta sa hedset mai kunne ɗaya da makirfo a cikin kwalin, kamar dai na matan ofishin tarho. Discord ya zo a 2015. Mu nan duk wannan bai taɓa mu sosai ba, don gidajen gem na unguwa ƙwallo ake bugawa a talabijin ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in za ka yi magana ka juya ka faɗa. Abin ya iso mu ne da waya: Free Fire a 2017, PUBG Mobile a Maris na 2018, Call of Duty Mobile a Oktoban 2019. Cikin ɗan lokaci tambayar da ake mini a rumfa ta sauya. Da can "yana da bes?" ake cewa. Sai na fara jin "ana jin taku da shi?"

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta mai sauraron saƙo a jirgin ruwa, kuma ita na bi na amsa wa ɗan ƙanena. Na ɗauki na bulutut ɗin na ce masa ba lalacewa ya yi ba, halinsa ke nan. Waya sai ta dunƙule sauti ta aika ta iska, iyafis ya kwance shi, kuma a na gama-gari wannan kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba za ka lura ba. A wasan harbi kuwa wannan ɗan jinkiri ya isa a kashe ka. Akwai na biyu da ya fi wannan muni: a yawancin wayoyi, da zarar makirfon bulutut ya buɗe, sai a koma tsarin kiran waya, sauti ya zama guda ɗaya a kunnuwa biyu, ya dushe. Kai kuwa da kunne biyu kake gane inda mutum yake. Sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ya kuma fi ƙarfi a can, ƙwaƙwalwa ta auna ta ce maka juya dama. In aka haɗe hagu da dama, an rufe maka wannan ido. Sababbi masu yanayin gem sun rage jinkirin, ban musa ba, amma a kuɗin da ke aljihun ɗalibi igiya ta fi. Tun da Apple ta cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi ta, sai dai wayoyin da suka fi yawa a hannun yaranmu, irin su Tecno da Infinix da itel, da yawansu har yanzu suna da shi, kuma ina ganin wannan sa'a ce.

Sai na ɗauki wanda makirfonsa ba ya ɗauka, na nuna masa kan fulogin. Ƙirga zoben, na ce. Zobe biyu, ba makirfo. Zobe uku, gida huɗu ke nan: hagu, dama, gama-gari, makirfo. Amma gida huɗun ma iri biyu ne. Tsofaffin Nokia da Sony Ericsson sun bi tsarin OMTP, wayoyin yanzu suna bin CTIA, bambancin kawai an musanya gidan makirfo da na gama-gari. In ka sa na wancan a wannan, za ka ji murya kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓalli sauti ya dawo daidai. Nasa haka yake yi. Tsohon kaya ne da ya kwana a sito aka sake masa kwali. Na yanke kan, na fito da wayoyin nan huɗu masu laushi kamar gashi, kowacce an shafe ta da fenti an nannaɗe ta da zaren nailan, na ƙona fentin da bakin ƙarfen dalma, na musanya biyu, na ɗaura sabon kai mai lanƙwasa irin na kusurwa, don miƙaƙƙe yana tokare tafin hannu in an kwantar da waya ana wasa, kuma a nan igiya ke fara karyewa. Aikin minti goma.

Da zai sayi sabo, na ce kada ya kula da abin da aka rubuta a kwali. An buga "7.1" da hoton soja, alhali lasifika biyu ce a ciki, in akwai dabarar kewaye, a manhajar wasan take. Bes mai yawa kuma abokin gaba ne a nan, don ƙugin bam da na mota sai su binne taku da ƙarar sauya harsashi. Na ce ya nemi wanda igiyarsa ke cirewa, mai 'yan filoli biyu a kowane kunne, irin da masana'antun Shenzhen suka arahantar a 'yan shekarun nan, har abin da Harvey ya yi wa attajiran makaɗa ya zo hannun ɗan sakandare. Mafi yawan iyafis da ake kawo mini, kawunan lafiya lau suke, igiya ce ta tsinke daga ciki. Ya duba inda makirfon ya faɗo, ya zama kusa da haɓa, ba can ƙirji yana gugar riga ba. Ya yi rikodin muryarsa a wurin, cikin hayaniyar kasuwa, ya saurara kafin ya biya. Sannan robobin nan uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, ya gwada su duka, ko da kunnen hagu zai ɗauki wata dama ya ɗauki wata. In roba ta zauna daidai za ka ji duniya ta ja baya. A zafin Afrilu na Kano ma ba sai an gaya maka dalilin da zai sa ka bar babban hedfon mai soso ba.

A kan robar na fi daɗewa da shi, don a nan zuciyata take. Maigidana da ya koya mini aiki ya yi shekaru yana kanga kunne a lasifika yana neman inda take kaɗawa. Da ya tsufa sai an ɗaga murya yake ji, kuma yakan ce akwai wani kuka kamar na gyare da ba ya barin kunnensa dare da rana. Na sha ganin sa a taron biki yana murmushi yana gyaɗa kai, na san ba ya jin komai. Ƙananan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma ba da ma'auni: desibel 80, awa 40 a mako, in ya kai 90, awa huɗu kacal. Yaro yana zaune kusa da janareta, iyafis ɗinsa bai toshe ba, sai ya ƙure ƙara don ya ji taku, harbin bindiga kuma ya zo masa a wannan ƙarar, awa uku, awa huɗu, kullum. Na ce masa: "Ɗana, in ka cire ka ji kunnenka yana ƙara, ka yi ɓarna a ranar. Toshe da kyau, ka tsaya a wajen rabi da ɗan ɗori, za ka ji takun." Na kuma ce kada in gan shi da su a kunne yana tsallaka titi ko a bayan babur.

Ya sa wanda na gyara, ya shiga wasan gwaji, ya yi shiru. Can sai na ga ya karkata kai hagu, yatsunsa suka bi. Ya kira na Maraɗi, suka gaisa, na ji yana cewa, "To yanzu fa, kana ji na?" Ya yi dariya, alamar an ji.

Kafin ya tafi na jawo aljihun tebur na ciro gwangwanin mahaifina. Allurai sun yi tsatsa, igiyar ta bushe ta yi tauri, launin madarar ya koma ruwan ƙasa. Bai taɓa ganin kakansa ba, an haife shi bayan rasuwarsa da shekara shida. Na goge kan fulogin da gefen riga na cusa a wayarsa, ya shige daidai. Na ce ya nemo Sashen Hausa na BBC. Ya sa a kunne ɗaya, sautin siriri ƙwarai, janaretocin kasuwa suna ta ruri, sai ya ɗaga yatsa ya danne shi don ya ji da kyau. Aka kira magariba yana nan zaune a haka.